MARIGAYI ALHAJI ABUBAKAR IMAM: MA'AIKACIN GWAMNATI DA YA RIƘE AMANAR MASU KARATU

Da wuya a sami wanda ya yi karatun boko a ƙasar Gumel, ko a Maigatari ne ko Gagarawa ko Sule Tankarkar, wanda bai taɓa jin labarin akun nan da ya zama wazirin sarki saboda iya magana ba, ko kuwa labarin Alhaji Imam da abokin karawarsa Malam Zurƙe. Malaman firamare sun karanta wa yara waɗannan labarai, ɗaliban Kwalejin Ilmi ta Gumel sun yi nazarinsu, har ƙetaren iyaka a Jamhuriyar Nijar ana karanta su. Amma ba kowa ne ya san cewa littattafan nan, da jaridar Hausa ta farko da ta ɗore, da maɗaba'ar da ta ci gaba da buga su, duk da kuɗin hukuma aka kafa su ba. Wanda ya rubuta su kuwa ma'aikaci ne mai karɓar albashi a ƙarshen wata, watau Marigayi Alhaji Abubakar Imam. Tarihinsa shi ne tarihin yadda gwamnati ta fara zuba kuɗi a kan adabi da watsa labarai a Arewa, da kuma dalilin da ya sa kuɗin nan suka yi albarka a hannunsa.

ASALINSA DA KARATUNSA

An haifi Abubakar Imam a garin Kagara, wanda yanzu yake cikin Jihar Neja, a shekarar 1911. Gidansu gidan malamai ne, asalin kakanninsa kuwa daga Barno suka fito. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malami ne masani, saboda haka yaron ya buɗe ido a tsakanin allo da tawada da littattafan Larabci tun kafin ya san akwai wani abu wai shi boko. Wannan tushe na Larabci shi ne ya zama jarinsa daga baya, domin ta nan ya san hikayoyin Gabas da salon malaman da suka tsara su.

Wansa, Malam Bello Kagara, wanda daga baya ya zama Walin Katsina, malami ne a Katsina, kuma a can ne Abubakar ya yi karatun zamani. A shekarar 1927 ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, wadda a lokacin ita ce ƙololuwar makarantun boko a Arewa duka. A wannan kwaleji ne Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kashim Ibrahim da sauran waɗanda suka ja ragamar Jihar Arewa suka yi karatu. Ya gama a shekarar 1932, aka ba shi aikin koyar da Turanci a Makarantar Midil ta Katsina. Da al'amura sun tafi yadda aka saba, da a aji zai ƙare rayuwarsa, ko kuwa a ofishin En'e. Abin da ya sauya masa hanya shi ne wata shawara da Ma'aikatar Ilmi ta yanke.

HUKUMAR TALIFI DA GASAR 1933

Rubutun Hausa ba baƙo ba ne a wannan ƙasa. Tun kafin zuwan Turawa malamai suna tsara waƙoƙin wa'azi da na tarihi da ajami, kamar yadda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da 'yarsa Nana Asma'u suka yi. Amma da Turawa suka ci ƙasar sai suka zaɓi boko don aikin mulki da makaranta, aka buɗe makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano a shekarar 1909. Bayan shekara 20 sai wata matsala ta bayyana. Makarantu suna yaye yara waɗanda suka iya karatu, amma babu abin da za su karanta in ban da littafin aji. Wanda kuwa ya koyi karatu bai sami abin karantawa ba, ba ya daɗewa sai karatun ya zube.

Don maganin wannan ne gwamnati ta kafa Hukumar Fassara a shekarar 1929, aka mayar da ita Zariya, aka danƙa ta a hannun wani jami'in ilmi, Dokta R. M. East. Da farko aikinta fassara ne daga Larabci da Turanci, kuma daga cikin abin da ta fitar akwai Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. A shekarar 1933 aka sauya mata suna ta zama Hukumar Talifi, domin an gane cewa fassara kaɗai ba ta wadatar ba, dole a sami 'yan ƙasa su ƙago nasu.

A wannan shekara East ya zaga manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai su rubuta ƙagaggun labarai, za a zaɓi waɗanda suka fi kyau a buga. Bai sami abin da sauƙi ba. A wurin malaman lokacin, alƙalami na ilmin addini ne da tarihi, ƙagaggen labari kuwa tatsuniya ce, aikin tsofaffi mata da yara da dare. Duk da haka an sami rubuce-rubuce, aka zaɓi guda 5 aka buga: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na wansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East. Waɗannan su ne harsashin ƙagaggun labaran Hausa na boko. Hukuma ce ta shirya gasar, ita ta gyara rubutun, ita ta biya kuɗin bugu, makarantunta kuma suka zama kasuwar littattafan.

Imam yana da shekara 22 sa'ad da ya rubuta Ruwan Bagaja. Labari ne na wani matafiyi da ya bar gida neman wani ruwa mai warkarwa, yana ta gamuwa da Malam Zurƙe a gari bayan gari, kowa yana ƙulla wa ɗan'uwansa. Masana sun nuna cewa akwai tasirin littattafan Larabci irin su Maƙamatul Hariri a cikinsa, amma mutanen da ke ciki, da kasuwanninsu da alƙalansu da barkwancinsu, duk na ƙasar Hausa ne.

WATA SHIDA A ZARIYA

East ya ga cewa ya sami marubuci, sai ya nemi a ba shi aron malamin daga Katsina. A shekarar 1936 Imam ya zo Zariya ya yi kimanin wata 6 ba shi da wani aiki sai rubutu. An tara masa littattafan hikayoyi na Larabawa da Indiyawa da Turawa, irin su Alfu Laila da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin ƙasar Jamus, ya karanta, ya zaɓa, ya sāke musu tufafi, ya haɗa da nasa. Abin da ya fito daga wannan zama shi ne Magana Jari Ce, littafi 3, waɗanda aka buga tsakanin 1937 da 1939.

Gwanintarsa ta fi fitowa wajen yadda ya ɗinke labaran da zare ɗaya. A littafi na farko aku ne yake ba ɗan sarki Musa labarai don ya hana shi fita daga gida ya faɗa tarkon maƙiya. A na biyu akun yana gasar ba da labari da wani aku. A na uku kuwa yana koya wa ɗansa Fasih dabarun zaman duniya da zama da sarakuna. Mai karatu ba ya jin ƙanshin baƙunta ko kaɗan, domin an mai da kowane labari ɗan gida, da sarkinsa da fadawansa da 'yan kasuwarsa.

Akwai darasi a nan ga duk mai riƙe da kasafin kuɗin ma'aikata. Abin da hukuma ta kashe bai wuce albashin malami ɗaya na rabin shekara, da masauki, da littattafai, da kuɗin bugu ba. Amma an zaɓi wanda ya iya, an sauke masa sauran nauyi, an kuma ba shi lokaci. Yau fiye da shekara 80 ke nan littafin bai bar hannun ɗalibai ba.

GASKIYA TA FI KWABO

Kafin 1939 akwai wata 'yar jarida ta hukuma mai suna Jaridar Nijeriya ta Arewa, amma ba ta shiga jama'a sosai ba. Da gajimaren yaƙi ya fara haɗuwa a Turai, sai jita-jita ta bazu cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus don ta lallashi Hitila. Hukuma ta ga cewa ba ta da wata hanya ta isar da magana ga jama'a kai tsaye cikin harshensu. Saboda haka a watan Janairu na 1939 aka fitar da Gaskiya Ta Fi Kwabo daga Zariya, ana sayar da ita kwabo ɗaya, aka kuma ɗauko Abubakar Imam daga Katsina ya zama editanta na Hausa. Da farko sau ɗaya take fitowa a wata, daga baya aka riƙa ƙara yawan fitowarta.

Ba a ɓoye manufar gwamnati ba: tana son a kashe jita-jita, a kuma ja hankalin mutane su goyi bayan Ingila a yaƙi. Jaridar ta yi wannan aiki. Samarin Arewa da yawa sun tafi fagen fama a Gabashin Afirka da Bama, iyayensu kuma suna ƙishirwar labari, sai ga shi yana zuwa da Hausa mai daɗi wadda kowa zai gane. A shekarar 1941 ma an ƙara da wata 'yar takardar labaran yaƙi mai suna Suda.

A wancan zamani ƙasar Gumel tana cikin Lardin Kano, hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Nguru wadda ta ratsa ta Gagarawa kuwa ita ce babbar hanyar kaya da wasiƙu zuwa wannan yanki. A irin waɗannan wurare masu nisa da hedkwata, masu karatun boko kaɗan ne: malamin makaranta, malamin haraji, malamin asibiti, magatakardan hakimi. Amma jarida ɗaya ba mutum ɗaya take yi wa aiki ba. Wanda ya iya sai ya karanta da ƙarfi a zaure ko a gindin bishiya, sauran suna saurare. Imam ya san haka, shi ya sa ya riƙa rubutu kamar mai magana, da karin magana da misali da raha, yadda abin zai shiga kunne kafin ya shiga ido.

Ta wannan hanya jaridar ta yi wani aiki da ya wuce na yaƙi. Ita ce ta zaunar da ƙa'idojin rubutun boko a idon jama'a, har da haruffan nan masu lanƙwasa da aka shigo da su a shekarun 1930. Ita ce kuma ta saba wa mutane da kalmomin sababbin abubuwa na mulki da kimiyya da yaƙi, waɗanda da can babu su a bakin Bahaushe.

To, amma babban abin da ya sa mutane suka amince da ita shi ne filin wasiƙu. Imam ya buɗe ƙofa ga masu karatu su rubuto ra'ayinsu da kokensu, su yi muhawara a kan ilmin 'ya'ya mata, da tsadar aure, da cin hanci, da halin wasu ma'aikatan En'e. A ƙasar da talaka bai saba ɗaga murya a gaban hakimi ba, wannan sabon abu ne ƙwarai. Matsayin edita a nan ba mai daɗi ba ne. Turawan mulki ne suke biyansa, sarakuna suna sa ido a kan abin da ake bugawa, samari 'yan boko kuma suna ganin bai yi zafi yadda suke so ba. Hanyar da ya bi ita ce ya faɗi aibi ba tare da cin mutunci ba, ya kuma nuna gyara tare da suka. Ya gane cewa ran da masu karatu suka ɗauki jaridar a matsayin kakakin Razdan kawai, ran nan kuɗin da gwamnati take kashewa sun zama asara, domin ko gaskiya ta faɗa ba mai yarda.

TAFIYA INGILA

A shekarar 1943, ana tsakiyar yaƙi, aka gayyaci 'yan jarida 8 daga ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Ingila su ziyarci ƙasar. Imam ne kaɗai daga Arewacin Nijeriya, Dokta Nnamdi Azikiwe na jaridar West African Pilot kuwa yana cikin tawagar. Labarin wannan tafiya ne Imam ya rubuta a littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Abubuwa biyu sun faru a can waɗanda suka nuna irin halinsa. Na farko, Azikiwe ya shirya wata takarda da ke neman a tsara wa ƙasashen nan hanyar samun mulkin kai cikin shekara 15, aka nemi 'yan tawaga su sa hannu. Imam ya ƙi. A ganinsa Arewa tana baya ƙwarai wajen ilmin zamani da ƙwararrun ma'aikata, kuma ba wanda ya aiko shi ya yi magana da yawunta a kan wannan batu. Wannan ya jawo masa suka daga 'yan kishin ƙasa na Kudu, wasu suka ɗauke shi ɗan amshin shatan Turawa.

Na biyu kuwa ya nuna cewa ba haka abin yake ba. A Ingila ya sadu da Lugga, tsohon Gwamna wanda ya kafa tsarin mulki ta hannun sarakuna, ya kuma bayyana masa illolin tsarin ba tare da rufa-rufa ba, sa'an nan ya bi da wasiƙu. Ya nuna cewa jami'an Turawa ba su jin kowa sai sarki, cewa an ilmantar da samari an kuma bar su ba a shawara da su, cewa talaka ba shi da inda zai kai kuka in an zalunce shi. Lugga ya isar da waɗannan bayanai ga hukuma, suka kai ga sabon Gwamnan Nijeriya, Sir Arthur Richards. Ma'aikacin da ya ƙi bin 'yan adawa a bainar jama'a, shi ne ya gaya wa iyayen gidansa abin da ba su so ji ba.

KAMFANIN GASKIYA DA NORLA

Yaƙi ya koya wa Ingila cewa dole ta kashe kuɗi a kan raya ƙasashen da take mulka, har majalisarta ta yi dokokin raya ƙasa da jin daɗin jama'a a 1940 da 1945. A cikin wannan yanayi ne aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya a shekarar 1945, da kuɗin gwamnati, East yana shugabanta. Aka gina maɗaba'a da ofisoshi da gidajen ma'aikata a Tudun Wada, aka haɗa aikin jarida da na littattafai a wuri ɗaya. A shekarar 1948 kamfanin ya fara fitar da jaridar Turanci mai suna Nigerian Citizen, wadda New Nigerian ta gaje ta a 1966. Imam ya riƙe editan Gaskiya kimanin shekara 12, kuma a hannunsa aka horar da samari da yawa waɗanda suka zama 'yan jarida da marubuta da manyan ma'aikata.

Da aka shiga shekarun 1950, Gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaura Yaƙi da Jahilci, aka buɗe azuzuwan manya a birni da ƙauye. Matsalar 1929 ta sāke dawowa, amma a wannan karo ta fi girma, domin dubban magidanta ne suke koyon karatu. Sai aka kafa hukumar NORLA, wadda ta yi aiki daga 1954 zuwa 1959, Imam kuma ya yi aiki a sashenta na littattafai. Hukumar ta buga ƙananan littattafai masu araha a kan noma da kiwon lafiya da addini da tarihi, ta buga labarai da waƙoƙi, ta kuma fitar da jaridun larduna: Sodangi ta Lardin Kano, wanda Gumel take ciki, Himma ta Katsina, Zaruma ta Sakkwato, Bazazzaga ta Zariya, Zumunta ta Bauci. A wannan zamani ne aka buga waƙoƙin Sa'adu Zungur da na Mu'azu Haɗeja, suka shiga hannun ɗalibai.

Amma NORLA ba ta yi tsawon rai ba. Buga littafi abu ne, kai shi ƙauye a sayar a dawo da kuɗin wani abu ne dabam. Hanyoyi ba su da kyau, kantunan littattafai kaɗan ne, masu saye kuma ba su da ƙarfi. Da aka ga hukumar ba ta mayar da abin da ake kashewa, sai aka rufe ta a 1959, shekarar da Arewa ta sami mulkin kanta, aka mayar da aikinta ga Kamfanin Gaskiya. Jaridun larduna suka mutu. An auna aikin ilmantarwa da ma'aunin ciniki, aka ga bai ci riba ba. Sai a shekarar 1966 aka kafa kamfanin NNPC na Zariya, da haɗin gwiwar kamfanin Macmillan na Ingila, ya ɗauki nauyin buga littattafan Hausa, har da na Imam.

SIYASA DA AIKIN HUKUMA

Mutumin da yake karanta wasiƙun jama'a kullum ba zai rasa ra'ayi a kan makomar ƙasa ba. Imam yana cikin shugabannin farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta yi babban taronta a Kaduna a 1949 ƙarƙashin Dokta R. A. B. Dikko, ta kuma ɗaura yaƙi da abubuwa uku: jahilci da lalaci da zalunci. A lokacin ƙungiyar al'adu ce, Malam Aminu Kano da Sa'adu Zungur ma suna ciki, kafin a kafa NEPU a 1950, ita kuma ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC a 1951. An zaɓi Imam ɗan Majalisar Dokoki ta Jihar Arewa, ya kuma je Majalisar Wakilai a Ikko.

Bai daɗe a siyasa ba. Tsaransa na Kwalejin Katsina sun zama ministoci da firimiya, shi kuwa ya koma aikin hukuma. Ya yi shekaru a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa a daidai lokacin da ake ƙoƙarin cike guraben Turawa da 'yan Arewa, aikin da yake bukatar mutumin da ba a saye shi da kyauta ko a tsorata shi da sarauta. A ƙarshen rayuwarsa ta aiki ya riƙe Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a a Kaduna, watau ya koma ga abin da ya fara a filin wasiƙun Gaskiya, sauraron wanda ba shi da gata. Bai ajiye alƙalami ba a duk wannan lokaci, ya rubuta littattafai a kan tarihin Musulunci da aikin Hajji. Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa, shi ya sa ake kiransa Dokta. Allah ya yi masa rasuwa a Zariya ran 19 ga Yuni, 1981, yana da shekara 70.

ABIN DA YA BIYO BAYA

Tafarkin da aka buɗe a 1939 gwamnatoci sun ci gaba da binsa. Gwamnatin Sardauna ta kafa gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna a 1962. A tsohuwar Jihar Kano, wadda Gumel take ciki kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi ta kafa kamfanin jaridar Triumph da gidan talabijin na CTV. An kuma sāke jarraba dabarar gasa: wadda kamfanin NNPC ya shirya ta haifar da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina a 1980, ta Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya kuma ta haifar da littattafai irin su Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa a 1982. Duk lokacin da hukuma ta yi kira ta kuma sa kuɗi, marubuta sun amsa.

Amma an kuma ga ɗaya gefen. Tun a shekarun 1950, da siyasar jam'iyyu ta yi zafi, 'yan adawa suka riƙa zargin jaridun gwamnati da karkata ga masu mulki, wannan zargi kuwa ya bi kafofin gwamnati har zuwa zamanin soja da bayansa. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, kuɗin buga littattafai ya ƙafe, sai samari da 'yan mata suka shiga buga nasu da kuɗin aljihunsu, abin da aka sa wa suna Adabin Kasuwar Kano. Ita kanta Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta koma ƙarƙashin kamfanin New Nigerian, ta bi kamfanin zuwa hannun Gwamnatin Tarayya a 1975, aka dawo da shi ga jihohin Arewa a 2006, daga bisani rashin kuɗi ya durƙusar da shi, jaridar da ta yi fiye da shekara 70 tana fitowa ta ɓace daga hannun masu talla.

Wanda ya dubi wannan tarihi zai ga cewa kuɗin gwamnati sun yi amfani a inda aka haɗa su da mutumin kirki aka kuma sakar masa mara, sun kuma lalace a inda aka yanke su da rana tsaka ko aka mai da su kuɗin sayen yabo. Littafin makaranta da gidan rediyon jiha da ɗakin karatu na ƙaramar hukuma ba su cika mayar da kuɗinsu a shekarar da aka kashe ba. Ribarsu tana zuwa ne a kan yaron Maigatari ko yarinyar Sule Tankarkar da suka iya karatu suka kuma sami abin karantawa. Ma'aikacin da aka ba amanar irin wannan wuri kuwa yana da iyayen gida biyu, wanda yake biyansa albashi da wanda yake sauraronsa, kuma bai yi wa na farko aiki ba in ya yaudari na biyu.

Abubakar Imam ya ci albashin Turawa, ya ci na Gwamnatin Jihar Arewa, ya kuma yi aiki a zamanin soja. Gwamnatocin nan duk sun shuɗe. Littattafan da ya rubuta yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai kuwa har yanzu ana sayar da su a kasuwa, ana karanta su a aji. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.